Ya Sayar Da Saniyata Ya Sayi Sandar Kamun Kifi

Goggo Sa'adiya, don Allah ki ba ni shawara kafin in aikata abin da zan zo ina nadama. Kwana biyun nan ina dafa abinci ba na iya ci, kuma ba ni da wanda zan gaya wa a cikin dangi maganar ba ta zama faɗa ba.

Ni matar aure ce a nan Garwa, 'ya'yanmu uku. Maigidana yana aiki a wani kamfanin motocin haya, kuma tsakani da Allah bai taɓa barin mu da yunwa ba. Shekarun baya hawan jini ya kwantar da shi, likita ya ce ya rage tunani, ya nemi abin da zai riƙa hutar da shi. A nan ne wani abokin aikinsa, Hubert, ya fara ɗaukarsa zuwa tafkin Lagdo ranar Lahadi suna kamun kifi da ƙugiya. Ni ce ma na ƙarfafa masa gwiwa. Ni ke soya masa nama, in haɗa masa shayi a fulas. Yakan dawo rana ta dafa shi, amma yana dariya, yana wasa da yara, abin da muka daɗe ba mu gani ba.

Da sanda ɗaya ya fara. Yanzu bayan ƙofar ɗakinsa kamar shago. Akwai dogaye, akwai gajeru, akwai waɗannan ƙananan injinan naɗe zare da suke kira mulinai, kowanne a cikin jakarsa, ga zare kala-kala, ga kifayen roba masu ƙugiya a ciki. Duk sanda na tambaya sai ya ce Hubert ne ya ba shi, ko kuma gwanjo ne ya samu da araha. Ni kuwa me na sani? Sanda dai sanda ce a wurina. Abin da ya fi ɗaure mini kai, in ya kamo babban giwan ruwa sai ya ɗauki hoto da shi ya mayar ruwa, wai haka 'yan ƙungiyarsu ta masu kamun kifi suke yi. Washegari ni zan je kasuwa in sayo ƙarfasa da kuɗin cefane. Ko wannan ban taɓa yi masa magana ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Babana, Allah ya jiƙansa, dillalin shanu ne. Kafin ya rasu ya ba ni shanu biyu da hannunsa, ya ce in riƙe ko ba ya nan. Suna wurin wani makiyayi, Bappa Idrisa, can wajen Fitowa, kuma maigidana ne ke leƙa su tunda yana da babur. Ɗayar ja ce, babana yana ji da ita ƙwarai. Bara da damina, tana da ciki, maigidana ya shigo fuska a murtuke ya ce jar saniya ta ci wani abu a daji, cikinta ya kumbura ta mutu, ko yanka ta ba a samu yi ba. Goggo, na yi kuka kamar ranar ne babana ya rasu. Shi ya zauna kusa da ni yana ba ni haƙuri, yana cewa ƙaddara ce, kada in yi saɓo. Har sadaka ya ce mu yi, muka yi.

Na ɗora laifin a kan Bappa Idrisa. Na ce sakaci ne. Atamfar da nake aika wa matarsa da Sallah na daina, turaren da nake aika masa na daina, har a gaban mutane na ce tsufa ya fara cin ƙarfinsa.

Makon jiya na haɗu da matar tasa, Inna Safiyatu, a bakin asibiti. Na so in kauce, ta riƙe hannuna tana tambayar yara. Cikin hira ta ce ai har yanzu suna kewar jar saniya, kuma Bappa ya yi mamaki da na aiko a sayar da ita alhali ta kusa haihuwa, amma ya ce mai abu ya fi kowa sanin buƙatarsa. Ta ce maigidana da kansa ya raka su kasuwar Adumri, shi ya karɓi kuɗin. Ta ɗauka ma rashin lafiya ce ta same mu, har addu'a suka yi mana. Ban san yadda na iso gida ba.

Da na tare maigidana bai musa ba. Ya ce ƙungiyarsu za ta je kogin Faro kamun tsage, kuma sandunansa ba su da ƙarfin kifin can, kowa ya sayi sabuwa daga Duwala, shi kaɗai zai je da tsohuwa a yi masa dariya. Ya ce sandar da mulinai da zarenta sun ci jaka ɗaruruwa, kuɗin sabon babur, kuma niyyarsa ya mayar mini da wata saniyar kafin in sani, abin ne bai yiwu ba. Sai a nan na gane babu gwanjo, babu kyautar Hubert. Duk lokutan da ya ce in yi haƙuri da kuɗin makarantar 'yarmu Nazira sai wata ya ƙare, ashe ga inda suke tafiya.

Tun ranar yana ta ba ni haƙuri, amma da bakin nan ya ba ni haƙurin mutuwar saniya. Yaya zan bambance? Wani lokaci sai in ji kamar in kwashe sandunan nan in kakkarya in hura wuta da su. Wani lokaci in ce in gaya wa yayana Zaharaddin, amma mahauci ne mai zafin kai, in ya ji an taɓa abin da babanmu ya bari ban san inda abin zai tsaya ba. In tafi gida ne? In yi shiru ne? Ina son mutumin nan, shi ne abin da ya fi ƙona mini rai.

'Yarki da aka yaudara, Garwa.

AMSA

'Yata, kukanki yana kan hanya. Dukiyar mace tata ce, aure bai mayar da ita ta miji ba, balle abin da mahaifi ya damƙa miki da hannunsa. Laifi biyu ya yi miki: ya ɗauki abinki, sannan ya zauna yana kallon hawayenki a kan mutuwar da ba ta faru ba. Na biyun ya fi nauyi, kuma kada kowa ya gaggauta ki cewa ya wuce.

Amma ki ajiye ashana. Waɗannan sandunan, saniyarki ce a jingine bayan ƙofa. In kika ƙona su, kin yi asararta sau biyu.

Ki kuma dubi ɗaya gefen. Da bakinki kika ce bai taɓa barin ku da yunwa ba, kuma ruwan nan ya dawo muku da mutumin da ciwo ya so ya ƙwace. Kamun kifin ba shi ne ya cuce ki ba. Gasa ce ta cuce ku, da kunyar kada abokai su ga ya gaza. Na tambayi masu wannan harka, sun ce kayan nan ba su da iyaka, kullum akwai wanda ya fi naka, kuma da yawa ba sa faɗa wa iyalinsu gaskiyar kuɗin. Wannan ba uzuri ba ne gare shi. Na faɗa ne don ki san ba ƙiyayya ce ta sa shi ba.

Kin tambayi yadda za ki bambance haƙurin gaskiya da na ƙarya. Ba a baki za ki gane ba, a aiki ne. Ki ce masa ya sayar da sandar nan mai tsada da duk wadda ba dole ba, 'yan ƙungiyarsu sun san darajarsu. Ku je Adumri tare, ke ki zaɓi karsana, shi ya biya, in kuɗin bai kai ba ya cika daga albashinsa. Ki bar masa sanda ɗaya ko biyu, lafiyarsa ma taku ce. Daga nan ku yanke abin da zai riƙa kashewa a wata, bayan an fitar da na abinci da na makaranta, kuma a bayyane.

Akwai wanda aka zalunta bai ma sani ba, shi ne Bappa Idrisa. Ku je Fitowa ku biyu. Mijinki ya faɗi abin da ya yi a gabansa, ke kuma ki nemi gafararsa, sannan ki wanke shi a gaban waɗanda kika zarge shi. Daga yau ke za ki riƙa leƙa dabbarki, kuma Bappa ya san ba a sayarwa sai ya ji daga bakinki.

Zaharaddin kuwa, ki dakata tukuna, kuma kada ki yi yaji yanzu. In mijinki ya yi abin nan da saurinsa, kin sami amsarki, kuma asirin gidanki ya rufu. In ya fara kawo miki gobe da jibi, ki nemi dattijo ɗaya da yake jin kunyarsa, daga danginsa in so samu ne, ki zayyana masa komai. Wannan ba tonon asiri ba ne, haƙƙinki ne.

Ki ci abinci, 'yata, yara suna kallonki. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya mayar miki da alheri, ya sa mijinki ya zama mutumin da za ki sake yarda da maganarsa.

Goggo Sa'adiya