Mai Jan Fentin Labarina Yayana Ne

Anti Iyatu, don Allah ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina. Yayana Hammawa ya daina ɗaukar wayata, kuma ni na jawo da alƙalamina.

Ina aiki a wata ma'aikatar tarayya, amma rubutu raina yake so. Gajerun labarai nake yi, irin masu hasashen yadda gobe za ta lalace, a ɗauki abin da ake gani yau a kambama shi har ya ba da tsoro. Na rubuta wani a kan Abuja ta nan gaba: an zagaye ta da katanga, an gama rushe gidajen talakawa, sai aka koma shafa wa mutane jan fenti a goshi. Wanda aka shafa wa, kafin magariba ya bar gari. Ba daga sama na ɗauko ba. Muna yara aka tashi rugarmu a bayan Dei-Dei, ina kallo aka shafa jan fenti a jikin ɗakin Innarmu.

To Anti, aikin da Hamma yake yi ke nan yanzu. Da Baffanmu ya rasu sai Hamma ya bar kiwo, ya samu shiga cikin masu sa alama a gine-ginen da za a rusa, da wannan aikin ya kai ni har jami'a. A ƙungiyarmu ta marubuta kullum ana cewa irin wannan labari ba ya kama mai karatu sai an zuba masa ƙananan abubuwa na gaske. Sai na waiwayi gida. Na ba mai fentin labarina ɗingishin Hamma, da yadda yake goge yatsunsa da kananzir kafin ya ci abinci, da yadda yake ba masu gida haƙuri a hankali kafin ya ɗaga burushi. Wallahi ban sa sunansa ba.

Aka gayyace ni in karanta a wani ɗakin taro a Maitama. Don ɗoki ni da kaina na roƙe shi ya zo. Ya zo da farar shaddarsa ta Juma'a, ya zauna can baya. Da na kai wurin ba da haƙurin nan sai ɗaki ya fashe da dariya, wata ma ta ɗaga murya ta kira mai fentin munafuki. Ana ta tafi, ana yabon gugar zanata. Na ɗago kai na hango shi yana ɗingisawa zuwa ƙofa, na kusa da shi suna bin ƙafarsa da kallo.

Matarsa Mero ta ce bai yi faɗa ba, ya dai ce mata bai san haka nake ganinsa ba. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Yanzu wata mujalla tana son buga labarin. In na yaga shi, na binne abin da aka yi wa Inna. In na buga, na rasa wanda ya zame mini uba. Kullum cikin kuka nake.

Taki, Ƙanwar Hamma, daga Kubwa.

*

Ƙanwata, share hawayenki mu yi magana.

Kina da gaskiya a abu ɗaya. Abin da aka yi wa rugarku naki ne, ba wanda zai hana ki rubuta shi, kuma jan fenti a goshi alama ce mai ƙarfi. Kada ki yaga.

Amma kin zalunci yayanki, kuma kin rage wa labarinki daraja. Irin wannan rubutu ba mugun mutum ɗaya yake farauta ba. Jigonsa tsarin da ke sa mutumin kirki ya wayi gari da burushi a hannu don ƙanwarsa ta yi karatu. Kin ari ƙafarsa da yatsunsa da haƙurin da yake bayarwa, kin bar dalilinsa a gida. Shi ya sa 'yan Maitama suka samu abin dariya suka koma gida da sanyin rai. Da kin sa dalilin, da ba wanda ya iya dariya, don kowa a ɗakin nan yana da irin nasa burushin a ofis.

Ki bar kiran waya haka. Ki je gidansa da ƙafarki, ki nemi Mero ta yi miki iso, ki durƙusa ki ba shi haƙuri, kada ki kawo masa zancen salo da fasaha. Ki faɗa wa masu mujallar su dakata. Ɗingishin nan ki cire shi ko mene ne ya faru, ba naki ba ne. In ya huce, ko da zai ɗauki watanni, ki nemi izininsa ki sake rubuta labarin ta bakin mai fentin kansa. In ya ce a'a, ki ajiye, labarai ba su ƙare miki ba.

Akwai tambayar da na lura ba ki taɓa yi masa ba. Ranar da aka shafa wa ɗakin Inna fenti, ke kina kallo, shi ma yana wurin, kuma ya fi ki wayo. Ki tambaye shi wa yake gani a ƙofa duk lokacin da yake ba da haƙurin nan.

Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya jiƙan Baffa.

Anti Iyatu