Na Samu Aiki Wajen Ɓerayen Surayya

Badun, Fabrairu 2006

Zuwa ga taubashina Hambali,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya mutanen Bunkure? Ka ce wa uwargida lafiyata ƙalau, in ban da ƙugu.

Ni na jawo wa kaina. Da muka iso da tumatir, na ce 'yan dako su matsa su ga yadda mazan jiya ke sauke kwando. Kwando ya sauka, ni ma na sauka.

Na lallaɓa wajen 'yata Surayya a jami'a ina ta murmushi, wai kar ta gane. Ka san aikin 'yar taka? Allura take yi wa farin ɓera a ƙafa, ta zauna da agogo tana auna daɗewar da zai yi yana lasar wurin, sannan ta gwada ko magani zai rage masa zafin. Mu muna bin su da sanda a gona, ita digiri na biyu take yi a kansu!

Ban gama zama ba ta ce, "Baba, ɓeran da ba ya magana ma ina gane ciwonsa, balle kai mai cije leɓe." Sai asibiti.

Ka sakar wa alkamata ruwa, zan ɗan jima. Jinyata ta ɓata mata gwaji, sai ta sake daga farko, ga lokaci ya ƙure. Na ce da me zan biya? Ta ce in riƙe mata agogo. Gobe zan fara. Ka sanar a majalisa: na samu aiki a jami'a, 'yata ce ogata.

Naka,
Dattijo