Tandun Kwallin Kaka

Ajingi, daren Laraba, damina, 1974

Yau na yi rashin kunya a gaban mata, kuma ban yi nadama ba.

An gama wa jaririyata wanka da hantsi, sai Kaka ta zaro tandunta za ta rambaɗa mata kwalli. Tun ina da ciki malamar asibitin Gaya ta gaya mana kwallin dutse mai ƙyalli akwai dalma a cikinsa, tana shiga jinin yaro ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ta ce har jan bakin 'yan koli ba a rasa ta. Nawa kwallin tun ranar na jefa shi masai.

To amma 'yar fari ce. Ko kallonta bai kamata in yi a gaban manya ba, balle in yi magana a kanta. Na sunkuyar da kai, sai kawai na ji bakina ya ce, "Kaka, don Allah kar a sa mata."

Matan ɗakin suka kwashe da dariya. Inna ta ce 'ya'yan zamani sun gama lalacewa. Da ƙyar na maimaita abin da malamar ta faɗa.

Kaka ta daɗe tana kallon yarinyar. Sai ta toshe tandun, ta cusa a lalitarta.

"Ku bar ta," in ji ta. "Wannan idon ba ya neman kwalli. Nawa ta ɗauko."

Ga ta nan tana barci a gefena. Yanzu babu kowa, ina ta kallonta son raina.