Hotunan Yaya Cedric

Litinin, 4 ga Maris

Asabar za a binne Yaya Cedric. In an dawo daga maƙabarta sai cin abinci a ɗakin taro na ƙasan coci. Mama ta ce a nuna hotunansa a babban allon nan na bango, don idonta ya daina ganin komai a ƙaramin gilashi. "Ina so in ga fuskar ɗana da girmanta, Lamont." Na ce an gama. A gaban mutane na faɗa.

Hotunan duk suna cikin kwamfutarsa ta hannu. Matarsa Yolanda ta aiko da ita a leda. Ban kira na ce ta iso ba. Tun da ta ɗauke shi zuwa wancan gefen Toledo ba ni da abin ce mata.

Talata, 5 ga Maris

Na je coci, na jona ta da allon. Babu sigina. Na cire, na mayar, na kashe, na kunna. Babu sigina.

Baba Purvis mai riƙe makullan coci ya tsaya a kaina yana cin gyaɗa. "Ɗana, ka tabbata ka kunna ta?" Na ce a'a Baba, jira nake ta kunna kanta. Ya ce bakin nan nawa ya fi hannuna aiki. Wai a wanke hotunan a manna a kwali kamar na kowa. Yaya Cedric ba kowa ba ne.

Na san zan iya aron wata kwamfuta in tura mata su. Ba zan yi ba. Tasa ce za ta nuna shi.

Laraba, 6 ga Maris

Laburare, awa uku. Makarantar da ta ce ba ni da kai ta zo ta gani. Ashe kebul ɗin da na saya a gidan mai na caji ne kawai, ba ya ɗaukar hoto. Baki iri ɗaya, tsayi iri ɗaya, ciki fanko. Wanda ya ƙirƙiro wannan rainin hankali, Allah ya haɗa mu.

Alhamis, 7 ga Maris

Sabon kebul, na gaske. Na sabunta manhajar, na bi duk abin da na karanta layi-layi. Na gwada allon da wayar Baba Purvis, tar. Ke nan matsalar a jikin kwamfutar take.

Sau ɗaya, da na danna kebul ɗin da ƙarfi, allon ya kawo. Yaya a bakin tafki, riƙe da kifi, yana wannan dariyar tasa. Kafin in numfasa ya ɗauke.

Na harbi kujera. Yatsana ya kumbura. Mama ta kira tana tambaya, na ce saura ƙiris.

Juma'a, 8 ga Maris

Da rana Yolanda ta sauko da manyan tirori na kaza da makaroni, ta same ni zaune a ƙasa, kebul uku a wuyana.

"Malam masani, har yanzu?"

Na ce ta ji da kajinta.

"Ka duba ramin cajin?"

Na ce na duba abubuwan da ko sunansu ba ta sani ba.

"To. Ka haska shi da tocila."

Don ta tafi kawai na haska. Fari fat. Ramin cike yake da ƙurar filasta, ta daskare kamar siminti. Shekara tara Yaya yana shafe bangon gidajen mutane, kwamfutar nan tana cikin jakar aikinsa, tsakanin guduma da abincin rana. Caji yana ɗan shiga da ƙyar, hoto kuwa ina.

Ta zaro tsinken sakace daga jakarta. Ta ce duk Lahadi haka yake zama a kicin yana sakace ta, yana zaginta, sannan ya bar mata ƙurar a kan tebur. "Kai da yayanka, zuciya ɗaya, taurin kai ɗaya."

Hannuna rawa yake, sai na ba ta tocilar ta riƙe. Na kashe na'urar, na dinga tona a hankali, ƙurar tana zubo mini a wando. Da na saka kebul ɗin, na ji ya shige har ƙarshe, ƙas. Ashe duk satin nan rabi yake shiga.

Allon ya kawo. Bai ɗauke ba.

Babu wanda ya yi magana a cikinmu. Baba Purvis ne ya cire hularsa.

Babu littafin da ya ce mini filasta. Ko ɗaya.

Asabar, 9 ga Maris

Mama ta sa an ja mata kujera har gaban allo. Da fuskarsa ta cika bango sai ta tashi, ta ɗora tafin hannunta a kumatunsa. "Ga shi nan. Dubi wushiryar nan." Ta ce kar in wuce. Na bar hoton minti goma, abinci yana hucewa, babu wanda ya yi ƙorafi.

Na cika alkawari. Sauran ba zan rubuta ba.

Lahadi, 10 ga Maris

Na mayar wa Yolanda kwamfutar. Niyyata in miƙa daga bakin ƙofa. Ta ce famfon kicin yana ɗiga, Yaya ya ce zai gyara bai samu ba. Na duba, roba ce ta cinye. Ta zuba mini abinci, na ci, don yunwa nake ji, ba don komai ba.

Ba ni da robar. Na ce zan dawo Laraba.

Akwai shagon kayan famfo a layinsu, a buɗe. Na gan shi.