Ranar da Baffa Ya Ɗaga Rodi

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon bayan nan. Mu ma alhamdu lillahi, sai dai Inna kwana uku ke nan ba ta cin abincin kirki, dalilin da ya sa na zauna rubuta miki ke nan.

Kin fi ni sanin yadda ƙannenki biyu, Baba da Baffa, suka faro kamfanin nan da baro ɗaya da shebur biyu, suna gyaran katangun mutane. Kin tafi kin bar mu da injin kwaɓa siminti guda. Yau tifa uku gare mu, ma'aikata sun haura arba'in, har bene muke ɗorawa. Da ƙafafun Baba suka gaza, ya damƙa ragamar a hannun Yaya Injiniya. Baffa ya ce madalla, amma tun ranar bai sake sakar wa Yaya fuska ba.

Ranar Talata da hantsi, a ginin makarantar da muke yi, Yaya ya ƙwanƙwasa ginshiƙan da Baffa ya sa aka zuba, sai ga yashi yana zubowa. Ya ce a rushe, 'ya'yan mutane ne za su zauna a ƙarƙashi. Baffa ya ce yaron da ya share wa majina ba zai koya masa gini ba. Kafin in sauko daga tsani ya sungumi rodi ya shirga masa a kafaɗa, ya ƙara masa a goshi. Jini ya wanke wa Yaya fuska, ya faɗi sumamme. Nan leburori suka rabu biyu, ana jifa da bulo, ana sara da shebur. Dogo direba ya rasa haƙora biyu, kafinta ya karye a hannu, ni ma ɗinki biyar ne a ƙeyata.

Baba ya sa aka ɗauko shi a kujera har wurin. Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya miƙa wa Baffa guduma, ya ce, "Kai ka zuba, kai za ka fasa." Baffa yana duka yana kuka har ginshiƙi shida suka kwanta, tafukansa duk sun fashe.

Yaya ya farfaɗo a asibiti, ya kuma hana a kai maganar wurin 'yan sanda. Baffa kuwa kullum yana zaune a bakin ƙofar ɗakin, ya kasa shiga. Don Allah ki kira shi, Goggo, ke kaɗai ce za ki ce ya tashi ya shiga, ya tashi.

Inna da matar Yaya suna gaishe ki. Ki gaishe mini da maigida da 'yan biyu.

Ɗanki,
Auta