Yatsun Mista Lin

Alhamis da dare, Oktoba 1994

Yanzu na dawo daga asibiti.

Da la'asar muna jiran bas a unguwar Glenwood ni da Mista Lin, dattijon maƙwabcina mai koya mini rubutun Sinanci da buroshi. Wani ƙato ya fizgi jakarsa. Da tsohon ya ƙi saki, ƙaton ya kayar da shi, ya take masa hannun dama. Na ji ƙarar ƙashin. Ban san sanda na rufe mutumin da duka ba. Na fasa masa baki, ina ta naushi har Mista Lin ya daka mini tsawa, "Sani, ya isa!" Ƙaton ya tsere yana tofar da jini. Buroshi uku da tawada ne kawai a jakar.

A asibiti suka ce yatsu biyu sun karye. Da yatsun nan yake jan layi tun yana yaro: ya danna, ya sassauta, ya ɗauke, tawadar ba ta kaucewa.

Ya karɓi birona, ya ja layi da hagu a bayan takardar magani. Layin ya fito a karkace. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Irin naka ne sak."

Na yi masa dariya. Sai da na fita waje na yi kuka.