Alli a Bayan Riga

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida. Ya gwiwar taka?

Na san ban kyauta ba. Shekara huɗu ke nan da na bar wurin horonka na koma babban kulob, ko sallamar kirki ban yi maka ba. Yanzu ga ni na dawo da kunyata. An haɗa ni faɗan keji nan da mako shida da wani da ake kira Buldoza. Ɗan kokawa ne, gajere, ko wuya ba shi da shi. Ni kuwa ka sani, naushi da shuri na iya, a ƙasa ba ni da katabus. Dogaye irina uku ya matse a jikin ragar da ta kewaye filin, ya kayar, ya zauna musu har aka tashi. Wannan ne wasan ƙarshe a kwantiragina, in na faɗi za su sallame ni.

Masu horar da ni sun ce in koyi kokawa. A mako shida, Kawu?

Ka huta lafiya.
Ɗanka, Dogo

*

Dogo,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan, ita ke faɗa mini za a yi ruwa tun kafin hadari ya haɗu.

Wato sai da Buldoza ya taso ka tuna kana da kawu? To, fushin na yi shi, na gama tun bara.

Ƙanwarka ta nuna mini wasanninka a waya. Ba rashin kokawa ke damunka ba. Da an matso ka sai ka yi ta ja da baya a miƙe har ka jingina da raga. Wa ya koya maka jingina? Ka manta ɗakinmu na saman shagon walda? Kullum da safe in goga alli a bangon nan huɗu, ku shiga da baƙaƙen riguna, duk wanda ya fito da fari a baya shi ke goge daɓe. Wata uku kana riƙe da bokiti kana kumbure-kumbure kafin ƙafarka ta koyi zagaye. Daga nan ko ƙura ba ta ƙara taɓa rigarka ba, har kana yi wa sauran gwalo.

Ka soka masa hagu, ka taka gefe, ka bar wurin. Shurin sama ka ajiye shi a gida, kama ƙafar zai yi. In ya sunkuyo, danna kansa ƙasa ka janye ƙugunka. Ka bar shi ya yi ta binka har numfashi ya ƙare masa.

Ɗakin nan yanzu wani mai sayar da katifa ne a ciki. Ranar da na kwashe kaya na daɗe tsaye ina kallon bangon, har yanzu da fari-fari a tsagoginsa. Na yi kewarku ƙwarai, musamman kai, duk da ka fi kowa taurin kai.

Ga guntun allin da ya rage nan cikin ambulan. Allah Ya ba da sa'a.

Kawunka

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Allinka a bangon kulob ya ƙare, har mai shara ta kai ƙarata.

Na ci da maki, kuma sun sabunta kwantiragin. Amma a zagaye na uku bayana ya taɓa raga sau ɗaya, na san ka gani.

Ina nan tafe ranar Asabar. Ka roƙa mini mai katifa ya ɗage kayansa, ni zan zo da bokiti.

Ɗanka, Dogo